Muryar Inna a cikin akwatin ajiya

Jama'a, jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa, na yi wani mafarki da har yanzu gabana bai daina faɗuwa ba.

Ina da wani baƙin akwatin ajiyar bayanai a falo, wanda wayoyi da kwamfutocin gidan duk suke haɗe da shi. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Inna, 'yan'uwana suka tattaro hotunanta da saƙonnin muryarta suka ba ni na adana a ciki. Ba su a ko'ina sai nan. Satin nan na fara kakkafa wasu kwamfutoci a cikin akwatin, irin waɗanda ba a taɓa su da hannu, sai dai a gan su a allo, kowace da aikinta.

A mafarkin ina zaune ina kafa ta uku. Ina danna ta, sai kawai na gan ni a cikin akwatin, a wani dogon lungu mai sanyi, fanka tana ruri a saman kaina. Ƙofofi uku ne. Na tura ta farko, sai ga tsakar gidanmu na dā, har da turmi, amma ba kowa. Ta biyu ma gidan ne, sai dai rijiyar ta koma hagu. A ta uku na tarar da Inna a kan tabarma tana tsince shinkafa, ta ba ni baya.

Na ce, "Inna, sannu da gida."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Habiba, kin ci abinci? In kin samu sarari ki kira ni." Saƙon da ta turo min na ƙarshe ke nan, wanda ban amsa ba. Ta maimaita, har da ɗan tarin nan nata a tsakiya. Ta sake maimaitawa.

Sai kawai na koma lungun. Wata murya, ba ta mace ba, ba ta namiji ba, ta ce wuri ya cika, sai an goge ɗaya. Ƙofofin suka fara canja wuri, na rasa wacce Inna take ciki. Ga babban yayanmu, Yaya Sani, tsaye a gefena da farar jallabiya. Na ce, "Yaya, wacce ce?" Bai dube ni ba, ya ce, "Ke muka ba amana."

Ina ji ina gani hannuna ya miƙe da kansa ya taɓa ƙofar tsakiya. Ta fara narkewa. Daga ciki na ji an ce, "Habi…", maganar ta yanke. Fankar ma ta tsaya.

Na farka ana kiran la'asar, wuyana sharkaf da gumi. Na ruga falo, akwatin yana nan a kunne. Amma wallahi har yanzu na kasa buɗe wurin da saƙonninta suke.

Don Allah masu sanin fassara, mene ne wannan? Addu'a Inna take nema a wurina, ko gargaɗi ake min zan ɓatar da abin da ya rage mana nata da hannuna?