Ƙarfen da Ya Aurar da Kawuna

Duk sanda na ji warin baƙin mai, sai in tuna ranar da na ga wasu ƙarafa biyu masu ƙusumbi-ƙusumbi kwance a kan tabarmar Kaka, a gidanmu na Dutse Uku. Kawuna na durƙushe a gabansu, yana shafa su kamar jarirai. A littattafan soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, fure samari ke yi wa irin wannan kallo.

Kamshaf ne, ƙarfen da ke buɗe wa inji hanyar shaƙar iska. Kawu ya sayi tsohuwar mota mai turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, kuma yana neman wata yarinya a can saman tudu. Wani dattijon Ibo mai gurza ƙarfe a Anguwan Rukuba ya ba shi biyu ya zaɓa: ɗaya gurzar sauƙi, ɗaya mai zafi.

"Oga, ɗauki mai sauƙi," in ji dattijon. "Turbo ba ya son wancan. Iska zai shiga, ya bi bututun salansa ya fita."

Amma Kawu ya taɓa jin mai zafin a wata mota, yana dukan uku-uku kamar zuciyar masoyi. Shi ya ɗauka. Ni kuwa na ga dacewar haka ƙwarai.

Motar ta samu murya, ta rasa silo. Da ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu, kuma a sanyin Jos ba ta tashi sai da turi. Saboda haka a zaune cikin mota yake zance, ƙafa a kan totur, yarinyar na tsaye a taga suna yi wa juna ihu. Duk unguwar ta san yana sonta, sun ji da kunnensu. Mahaifinta kuma ya aiko cewa ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai taɓa saukowa ya gaishe shi ba.

Wata la'asar na raka shi, sai ga mahaifin yarinyar ya fito. Kawu ya dubi totur, ya dubi tsoho. Ya buɗe ƙofa, ya cire takalmi, ya durƙusa. Motar ta yi tari ta mutu.

Har tsohon sai da ya naɗe babbar riga ya kama turi. Da ta tashi, ya dafa taga yana haki.

"Yaro, turo manyanka. Gara ka ɗauke ta ka daina zuwar mana da wannan abu."

Yanzu Kawu ya yi furfura, dankali yake kaiwa kasuwar Terminus a wata a-kori-kura mara ko tari. Kamshaf ɗin kuwa na nan, da shi matarsa ke tokare ƙofar kicin. Har yau idan za ta ce masa ga abinci, da ƙarfi take faɗa, wai a haka ya saba jin muryarta.