Talgen da Ya Koya Mini Aman Wuta

Jiya a Gwadangaji talge ya fantsamo mini a hannu, sai na tuna kakana, tsohon malamin firamare a Argungu. Shi ba ya bayani da baki kawai, sai ya ja ka ka gani da idonka.

Ina 'yar shekara tara na ga dutse yana aman wuta a talabijin. Kwana uku na ƙi bin 'yan gidanmu fadama, don kada ƙasa ta fashe da ni. Da ya ji, sai ya kama hannuna har gindin murhu, inda innata ke talgen tuwon gero. Hayaƙi na cin ido, tukunya na ta ɓul-ɓul.

"Amaryata, duba nan," in ji shi. "Can ƙarƙashin ƙasa zahi na narka dutsi kamar talgen ga. Iska ta taru ciki, tana biɗar hanya. Inda ɓawon ƙasa yay yi rauni, nan taka hwasawa." Ya nuna mini busasshen talgen da ya taru a bakin tukunya. "Abin da ya hito ya huce, wani ya hau bisa wani, shi ka zama dutsin."

Na ce, "To, tamu fa, Kaka?"

Ya buga ƙasa da sandarsa sau biyu. "Tamu ɓawonta da kauri. Tahi ki kori tsuntsaye."

Ranar na koma gonar shinkafa.

Yau ƙasar da ya buga ita ta rufe shi. Allah Ya sanyaya masa ita, kamar yadda ya sanyaya mini zuciya.