Shekarar da Baba Bai Hau Dutse Ba

Garinmu a kwari yake. Duk wanda ya zaɓi wurin, ruwa ya duba, bai duba iska ba. Da damina babu wanda ya fi mu jin daɗi. Amma in bazara ta kama aka shiga sharar gona, kowa ya tara kara da tushiya ya cinna wuta, to hayaƙin ƙasar nan kaf garinmu yake gangarowa, ganuwa kuma ta riƙe shi. Da safe sai ka gan shi kwance bisa rufin ɗakuna kamar an rufe ƙwarya da faifai.

Mu masu lafiya yaji kawai yake mana a ido, mu yi tari mu wuce. Baba kuwa yana da ciwon ƙirji tun ina ƙarama. Da ya shaƙi hayaƙi sai numfashinsa ya riƙa fita da ƙara, kana tsakar gida kana jin sa daga ɗaki. Maganinsa ɗaya ne, kuma ba na sha ba ne. Yamma da gari akwai wani dutse, a kansa wani Bamaguje abokinsa yake da gida. Kowace shekara da an ga hayaƙin farko, yayana zai ɗora Baba a jaki ya kai shi can. Ya zauna da buzunsa da butarsa, abokin yana shan giyarsa shi yana jan carbinsa, suna tsokanar juna har ruwan farko ya sauka ya wanke sama. Sannan ya dawo mana da ƙiba, yana cewa daga can yana hango abin da muke shaƙa, yana mamakin yadda muke da rai.

Shekarar da na yi haihuwar fari, na zo gida wankan jego, a ƙarshen rani. A lokacin ne fatake daga wajen Ƙarfi suka kawo labarin cewa mahara sun taso daga arewa. Sarkin gari ya ce kowa ya shigo cikin ganuwa. Mutanen ƙauye suka kwararo da awaki da tukwane, kowa ya kafa murhunsa inda ya samu, har a bakin hanya. Aka toshe ƙofar yamma da ƙaya da gungume. Ta gabas kaɗai ake buɗewa da hantsi, maza su fita da kwari da baka su ƙone gonakin da ke kusa, su dawo kafin la'asar. Wutar da a da ake yi nesa, bana a gindin ganuwa ake yin ta.

Abokin Baba ma ya sauko da iyalinsa, suka sauka a zaurenmu. Baba ya dube shi ya ce, "Kai da ni ke gudu wurinka, yau kai ka gudo wurina? To wa ka bar ma iskar?"

"Na baro ta can, Malam," in ji shi. "Ba ta ɗaukuwa a jaki."

Duk muka yi dariya. Dariyar Baba ta ƙare da tarin da sai da aka riƙe shi.

Ga kuma wutata. Mai jego dole a dafa mata ruwa safe da yamma a babbar tukunya, a yi mata wanka da ganye, a hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta a kai. Goggo, yayar Baba, ita ke yi mini, kuma mace ce da ba a ja da ita. Itacen kirki ya ƙare a gari, sai ɗanye da kashin shanu ake samu, masu hayaƙi kamar me. Ɗakina kuwa yana kallon na Baba.

Na ce da ita a bar wankan nan haka. Ta ce ko kusa, ta ga matan da suka yi wasa da jego, sanyi ya shige su suka kumbura suka bar jarirai. Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi fitowa. Ashe Baba yana ji. Ya aiko a kira ni, na same shi zaune ya dafa gwiwoyinsa, don ya daina iya kwanciya.

"Ɗiyata," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma, "in kin kashe wutarki, za ki kashe ta gari duka? Je ki yi wankanki. Ni na sha iskata, yaron nan bai fara shan tashi ba."

Na je na yi. Goggo tana fyaɗa mini ganye mai zafi, ni ina kallon hayaƙin yana tsallaka tsakar gida a hankali yana shiga ƙofarsa. Ban taɓa ƙin wani abu kamar yadda na ƙi ruwan nan ba.

Mun yi duk abin da muka sani. Inna ta rataya jiƙaƙƙen zane a ƙofarsa, kafin azahar ya bushe ya yi baƙi. Muka yi ta fifita, amma hayaƙin muke kaɗa masa. Wata tsohuwa ta kawo saiwa ta ce a yi masa turare da ita, yayana ya raka ta waje da godiya. Shi da abokin Baba suka je wurin sarkin ƙofa suka roƙi a buɗe musu ta yamma, su kai shi dutsen ko da su biyu ne. Ya ce ba shi da iko, kuma in ya buɗe wa ɗaya gari zai watse. Ban ga laifinsa ba a yanzu. A lokacin kuwa har zaginsa na yi.

Sai kallon gabas ya rage mana. Kullum da la'asar hadari zai haɗu baƙi ƙirin, a yi rugugi, iska ta taso ta kwaso tokar gonaki ta watsa mana, sannan ya watse ko ɗigo babu. Abokin Baba yakan fita ya daɗe yana duban sama, ya dawo ya ce, "Gobe, Malam. Na ji ƙamshinshi."

"Hancinka giya ta kashe shi," in ji Baba. Daga baya ko wannan ya daina iya faɗa, sai dai ya ɗaga masa yatsa.

Baba ya cika da hantsi, a zaune, kansa a kafaɗar yayana. Ni ina bayan ɗaki a lokacin, Goggo tana yi mini wanka.

Maƙabartarmu tana bayan ƙofar yamma. Yayana ya ce sarkin ƙofa da kansa ya janye ƙayar. Aka fita da Baba ta nan, abokinsa yana biye daga nesa, don ba ya cikin masu salla.

Maharan ba su zo ba. An ce wata hanya suka bi, wasu ma suka ce tun farko babu su. Ba a daɗe ba ruwa ya sauka, irin mai yawan nan, ya kwana yana zuba. Da safe na fito ƙofar gida da yarona a baya. Sama ta wanku tas, iska mai sanyi tana shiga ƙirji har ƙasa, ga mutane suna ta fita da kwandunan iri suna murna. Na duba yamma ta ƙofar da aka bari a buɗe, sai ga dutsen nan kusa, har rufin ɗakin da Baba yake kwana ina gani.

Goggo ta leƙo ta ce in shigo, ruwa ya tafasa.