Hoton Kwaɗo a Kan Allo

Ban taɓa mantawa da Larabar da na zare wayar sadarwar asibitoci uku da hannuna ba, ba tare da izinin kowa ba. Takardar tuhumar da aka ba ni a kan haka tana nan cikin fayil ɗina har na bar aiki, kuma ko yau aka maimaita, sai na sake zarewa.

Lokacin sojoji sun yi 'yan shekaru da komawa bariki, 'yan siyasa kuma kowa na neman abin da zai ƙaddamar a ɗauke shi hoto. Ina ƙaramin injiniya a wani ɗan kamfani da ke saman bene a Jakara. Mu biyu ne masu rubuta manhaja, ni da Malama Falmata, 'yar Madabo wadda kakanninta suka zo daga Borno. A samanmu akwai manaja, Injiniya Tijjani, mutum mai son babbar riga da makirufo.

Wani ɗan majalisa ne ya ɗauki nauyin haɗa ƙananan asibitoci uku na cikin gari da ɗakin gwajin jini da ke bayan ganuwa. A da sai an tura mutum a babur ya karɓo sakamako cikin ambulan. Yanzu sakamakon zai taho ta iska, ta eriya, kuma eriyar nan da ita shagunan intanet na unguwa suke amfani. Saboda haka sharaɗin farko a yarjejeniyar aikin shi ne a kulle duk bayanin da zai wuce, ta yadda in wani ya tare shi a hanya ba zai ga komai ba sai shirme.

Ga inda gizo ke saƙar. Akwatunan da muka sa a asibitocin ƙananan kwamfutoci ne marasa ƙarfi. In aka bar wa manhaja aikin kullewa, sai na'urar ta riƙa jan ƙafa, shafi ɗaya ka sha shayi kafin ya iso. Amma furosesar da ke cikinsu, wato ƙwaƙwalwar na'urar, tana da wani sashe da aka ƙera musamman don kulle bayani, mai saurin gaske. Wanda zai ba wannan sashe umarni shi ne kanel, wato cibiyar manhajar da ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya. Shi kuma kanel mu ke rubuta shi, sannan mu miƙa wa wasu kayan haɗi su fassara shi zuwa lambobin da furosesa ke ji. Ku ɗauke su kamar tafinta. To tafintanmu tsoho ne, an yi shi kafin a ƙera wannan furosesa, da ya ga sababbin umarnin sai ya tsaya cik ya ce bai san su ba. Sabon tafinta kuwa ba ya jituwa da manhajar eriyarmu. Gaba kura, baya sayaki.

Ana cikin haka matata ta haihu, na ɗauki hutun kwana huɗu na suna. Na dawo ran Laraba na tarar ofis kowa baki har kunne. An fara gwaji da asibitocin tun Lahadi, sakamako na zuwa kamar walƙiya, ga hoton kwaɗon ƙofa kore shar a kusurwar allo, alamar an kulle bayanin. Ƙaddamarwa ran Asabar. Falmata kaɗai ce ba ta dariya. Ta turo min allonta. Layi ɗaya aka canja a tsarin kanel: an kashe kullewar ɗungurungum, an bar hoton kwaɗon yana haske.

Na shiga ofishin manaja ko sallamar kirki ban yi ba.

"Ranka ya daɗe, wa ya kashe kullewar nan?"

"Ni na kashe, Nasiru. Na wucin gadi ne. Bayan Asabar sai ku yi ta fama da tafintanku."

"Amma sakamakon mutane na gaske ne ke wucewa, yau kwana huɗu."

Ya yi dariya ya gyara hula. "Haba Malam Nasiru! Wa zai tare? A Jakarar nan wa ya san wannan? Masu dukan fata ko masu sayar da kanwa? Ai kwaɗon na nan, kowa na gani."

Wannan magana ta ƙona min rai fiye da canjin layin. Wato tunda mutanenmu ba su san abin ba, ya halatta a zana musu kwaɗo a bango a ce an kulle. Na ce masa yaran da ke wuni a shagunan intanet sun fi shi sanin hanya, in kuma bai yarda ba ya zo ya gani. Na ɗauko kwamfutata, na haɗa ta da eriyar kamar yadda kowane mai shago zai haɗa, na buɗe manhajar da ke nuna abin da ke wucewa. Ko minti biyar ba a yi ba saƙo ya faɗo, a fili ƙarara: suna, unguwa, shekaru, sakamako.

Na san mutumin. Sahu ɗaya muke tsayawa a masallacin unguwarmu, ya ci abincin sunan ɗana kwana biyu da suka wuce. Sakamakon kuwa na ciwon nan ne da a wancan zamani in aka ji kana da shi, ko kofin da ka sha ruwa ba mai taɓawa. Shi kansa wataƙila likita bai kai ga gaya masa ba, ni na riga shi sani. Na kife murfin kwamfutar da sauri har sai da ta yi ƙara.

Injiniya Tijjani ya leƙo ta kafaɗata. "Kai, buɗe mana mu gani. Wane ne? Ɗan unguwar nan ne?"

Allah ya sani, ban taɓa jin na tsani tambaya kamar wannan ba. Na ɗauke kwamfutata. Na wuce ɗakin na'urori na zare wayar da ke haɗa mu da eriya, na naɗe ta na sa a aljihu. Na buga wa asibitocin uku waya na ce su koma ga mai babur da ambulan har sai sun ji daga gare ni. Kafin la'asar takardar tuhuma ta iso teburina, wai na yi zagon ƙasa ga aikin kamfani, in ba da amsa cikin awa ashirin da huɗu. Na amsa da layi biyu, na kawo lambar sharaɗin da ke cikin yarjejeniya.

Saura gyara. Tunda tafinta bai san umarnin ba, hanya ɗaya ta rage: mu tsallake shi, mu rubuta lambobin da hannu, ɗaya bayan ɗaya, daga littafin da masu ƙera furosesar suka buga. Aiki ne mai haɗari, don lamba ɗaya in ta kauce, na'ura ba lalle ta yi ƙorafi ba. Za ta iya kullewa yadda ba mai iya buɗewa, ko ta yi kullewar da ba ta kullu ba. Na rubuta ran Alhamis, na duba sau uku, na ce ya yi. Falmata ta girgiza kai.

"Malam Nasiru, babana marubucin littattafai ne da alƙalami da tawada. Bai taɓa yarda da idonsa a kan shafin da ya rubuta ba. Yakan ce idon marubuci abin da ya yi niyya yake gani. Ni zan karanta daga littafin da ƙarfi, kai ka bi da yatsa. In mun gama mu yi musaya."

Na so in yi gardama, don ina ji da kaina a lokacin. Muka zauna kamar masu bitar karatu, tana karantawa ina bi. A shafi na biyu ta faɗi lamba, yatsana yana kan wata dabam. Na juya lambobi biyu, na gaba ya koma baya, kuma sau uku idona ya wuce ta kansu yana ce min lafiya lau. Da muka yi musaya ni ma na kama mata guda. Bayan nan muka gwada da misalan da aka riga aka san amsarsu, sai ran Litinin komai ya fito daidai. Na sake tare saƙo a gaban ma'aikatan asibiti, abin da ya fito shirme ne zalla, sannan na mayar da wayar.

Ƙaddamarwar Asabar kuwa an yi ta, da sunayen bogi a kan allo. Injiniya Tijjani ya sha babbar riga ya yi wa ɗan majalisa bayanin yadda suka kulle asirin talakawa da fasahar zamani, aka tafa masa. Ni an ce in zauna a gida kada in ɓata taro. Ƙarin girman da nake sa rai a shekarar ma ya bi ruwa. Sunan Falmata ko a jawabin godiya bai fito ba, kuma wannan har yau yana ci min rai.

Ku da kuke aikin yanzu, kayan haɗinku sun san duk waɗannan umarni, ba wanda zai sa ku rubuta lamba da hannu. Amma masu cewa a bar hoton kwaɗo a kashe kullewa ba su ƙare ba, kuma kullum hujjarsu ɗaya ce, wai ba wanda zai gani. A sana'ar nan mai kaya ba ya iya duba ƙofarsa da kansa, maganarka kawai yake da ita. Kada ku yarda da idonku, kada kuma ku yarda da koren hoto sai kun tare saƙon da kanku.

Mutumin nan yana raye. Ya samu magani, ya aurar da 'ya'yansa mata biyu, ba wanda ya taɓa janye kofi daga gabansa. Duk Juma'a muna gaisawa a ƙofar masallaci, ya tambaye ni iyali in tambaye shi kasuwa. Bai san na sani ba, kuma ba zai sani ba. Abin da har yau ban sani ba ni kuma shi ne ko wani ya riga ni buɗe irin wannan allo a cikin kwana huɗun nan.