Mussar Tsohuwata da Tokar Layya

Ni dai lakwal ɗina bai wuce aji huɗu ba, amma ko a nan mushe, malamin ajinmu, ya koya mana cewa mutum na gaba da dabba. A gidana na Matankari wannan karatu bai ci ba. Akwai wata mussa, kyanwa in ji mutanen gabas, fara mai baƙin kunne, wadda ɗiyarmu ta kawo wa uwarta daga Dogon Dutsi cikin kwali. Tun ranar da ta sauka na koma na biyu.

Layya ce ke tona asirin abin. Mun yanka rago, mun feɗe, mun baje shi a kan itace gicciye, mun jingina shi gaban wuta ya wuni yana ɗigar da mai. Washegari mata su ɗora tukunyar suya. To wutar nan in ta mutu, sama kawai ta mutu. Toka fari fat, ƙarƙashi garwashi da ransa, ga ƙanshin kitse ya jiƙa wurin. Wata shekara mussa ta bi hancinta ta taka, ta ƙone tafin ƙafa. Tsohuwata, wato uwargidana, ta naɗe ta a zane, ta hau kabu-kabu har wajen likitan dabbobi. Matar da ciwon haƙorina bai taɓa tayar da ita daga tabarma ba!

Daga nan aka kafa doka. Tun jajibiri za a kulle mussa a ɗaki, ba fita sai an kwashe toka, an binne ƙasusuwa, maƙwabta sun ɗauke maganin ɓeran da suke zubawa don tsaron nama. Wane ɗaki? Nawa. Shi ke da ƙofar ƙarfe, shi ke da bantilater mai hura iska.

Na ce, "Hajiya, ni fa ina zan yi ƙailula?"

Ta ce, "Malam, gindin dogon yaro mi ya same shi?"

"Zafi."

"Kai kana da hankalin kauce ma wuta. Ita ba ta da shi."

Ban taɓa jin ta yabi hankalina ba sai ran nan, kuma yabon ya ci mini gado.

Sallar bara ce abin ya kai ni bango. Mun sauko daga idi, na yanka, aka gasa hanta. Tun kakanni maigida ke fara buɗe baki da hantar ragonsa. Na gyara zama, na naɗe hannun riga. Ina kallo Hajiya ta yanki wurin da ya fi laushi, ba gishiri ba yaji, ta tsinka ƙanana, ta hura, ta gwada a leɓenta, ta wuce ni ta shiga ɗakina. Tawa ta iso daga baya a murfin tukunya, tana tururi.

"Taka kai ka iya hurawa," in ji ta.

Washegari ga abokin wasana, wani tsohon Bafillace da nake sayen rago wurinsa, ya zo barka da salla. Ya tarar da ni a ƙasan itace ina korar ƙuda, bantilater kuwa ana jin kukansa daga ciki.

Ya ce, "Kai Ba'are, ashe gaskiya ne? An ce an yi juyin mulki gidanga, an sauke ka, mai wutsiya ta hau."

Na ce, "Kai da saniya ke yi maka oda, rufe mini baki."

Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ni ban yi ba. Da ya tafi na yi alwalar azahar, na miƙe zan ɗauko takalmina can gefen murhu, zuciya na tafasa, ido bai ga ƙasa ba. Sai ƙafar dama cikin toka.

Masu cewa da gangan na yi, mu haɗu gaban Allah. Ihun da na yi dai ba na wasa ba ne.

Tsohuwata ta yar da ludayi ta sheƙo. Ta kwarara mini ruwan randa, ta durƙusa ta ɗora ƙafar a cinyarta tana hurawa, tana shafa man kaɗe. "Sannu, tsohona. Sannu." Wallahi ƙafa na ƙuna, rai na sanyi. Na ƙara nishi kaɗan don kada a yi saurin gamawa.

Ta tallafe ni har ɗaki, ta kwantar da ni a bakin gado, don tsakiya da mai shi. Mussa ta buɗe ido ɗaya ta dube ni kamar mai neman aron wuri. Can sai ga kwano biyu, ɗaya nawa, ɗaya nata. Aka ja ƙofa aka rufe mu tare.

Na leƙa nawa: haƙarƙari, ƙashi ya fi nama. Na leƙa nata: tsoka zalla, an tsinka, an huce. Na dubi mussa, barci take yi abinta.

Jim kaɗan muryar Hajiya ta taso daga wajen suya.

"Malam!"

"Na'am, da sauƙi."

"Ta ci?"

Na haɗiye, na lashe yatsa, na tura mata kwanon wajen hanci ta sha romo.

Na ce, "Ta cinye sarai, Hajiya. Kamar ma ba ta ƙoshi ba."