Ramuka Bakwai a Bangon Jika

A Bukuru, idan ka ce Uzairu birkila, za a tambaye ka wanne. Idan ka ce Uzairu ɗan Jika, ko mai sayar da rake zai nuna maka gidansa. Shekararsa sittin da uku, gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma ba ya iya wuce ginin bulo bai taɓe baki ba. Da aikin bulon yake ci da iyalinsa, don yanzu wa ke da haƙurin dutse? Amma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, wato gidan dutsen nan da ke gindin tudu, bayan tsohon kududdufin kuza.

Tun zamanin Turawa aka gina wa wani manajan haƙar kuza shi, kuma mahaifin Uzairu, marigayi Malam Jika, yana cikin waɗanda suka sassaƙa duwatsun suka ɗora. Bene ne. Kaurin bangonsa ya fi kamu biyu, ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka nemi mayafi. Saman tagogin a lanƙwashe yake, kowace da dutse guda a tsakiya wanda ya riƙe sauran. Babu siminti ko cokali ɗaya, farar ƙasa ce da yashi. Bangon baya kuwa a jikin tudun yake, shi ke tare ƙasa kada ta gangaro cikin babban ɗakin ƙasa. Duk baƙon da Uzairu ya yi sai ya ja shi ya je ya gani, ko yana so ko ba ya so.

Shekara ashirin da suka wuce gidan ya koma hannun Oga Fasasi, wani ɗan kasuwa Bayarabe. Wata rana matarsa ta ga maciji ya fito daga gindin bangon bayan, ta rantse ba za ta ƙara kwana a gidan ba. Aka kira Uzairu. Ya duba, ya ga ramuka bakwai a jere, kowanne hannu zai iya shiga cikinsa, da wata 'yar kwata ta dutse a ƙarƙashinsu. Nan take ya yanke hukunci cewa ramukan katakon hawa ne, tsofaffin suka manta ba su toshe ba. Kafin azahar ya cika su da siminti, ya shafe kwatar, har ya bi tsakanin duwatsun ya liƙe. Ya yi shekaru yana faɗa a majalisa cewa shi ya ƙarasa wa Baba aikinsa.

Bana, cikin watan Agusta, aka yi kwana tara ruwa bai ɗauke ba. Yanzu gidan makarantar ƙananan yara ce, a hannun wata malama mai suna Magadaliya. Ita ce ta aika a kira shi da safe.

"Baba, ƙofan ajin nan ya ƙi rufuwa," in ji ta. "Ka ɗan duba mana, ko katako ne ya kumbura."

Uzairu ya shiga. Yara kusan arba'in suna zaune a kan benci suna rera ƙidaya, jerin ƙarshe sun jingina da bangon baya. Bai ko kalli ƙofar ba. Bangon ya yi ciki. Ya ciro igiyarsa mai ƙarfe a baki, ya hau kujera ya sake ta daga sama. Maimakon ta sauka ta tsaya, sai ta kwanta a kan tsakiyar bangon, ƙarfen yana lilo nesa da gindi da kusan taƙi guda. Ya dafa dutsen, ya ji shi sanyi ƙalau, yana tsattsafo da ruwa. Ya kai kunne. Akwai wata 'yar ƙara a ciki, kamar ana tauna yashi.

A nan ya gane. Ramukan nan ba mantuwa ba ne. Hanyar ruwan tudu ce, da gangan aka bar su. Shekara ashirin ruwan damina yana taruwa a bayan bangon yana neman mafita, bana ya gaji da jira.

"Malama, fitar da yaran nan."

"Saura minti ashirin a tashi tara, Baba."

"Yanzu. Kada su gudu, kada su yi tsalle. Ki fara da na baya."

Ta dubi fuskarsa. Ta tafa hannu, ta ce yau a baranda za a yi waƙa. Uzairu ya tsaya yana ƙirga su suna fita, wata tana neman takalminta, wani ya koma ɗaukar gorar ruwansa. Bai taɓa sanin yara suna da nawar tafiya haka ba. A waje hadari ya sake haɗowa ta gabas, gari ya yi duhu.

Da ajin ya zama wayam, Magadaliya ta dawo bakin ƙofa. Ya nuna mata shafen simintin, ya gaya mata abin da ke bayansa.

"Wane irin mutum ne zai toshe hanyan ruwa?" ta tambaya. "Wa ya yi wannan aiki?"

Oga Fasasi ya koma garinsu tuni, babu mai ƙaryata Uzairu da ya ce wani ne. Kunya ta rufe shi har wuya.

"Ni ne," in ji shi.

Ya ɗauki guduma da cizal ya durƙusa a gindin bangon. Ya san kowane bugu zai iya zama wanda zai sauko masa da tudun a ka, ya kuma san in bai buɗe ba, ruwan da ke tafe zai yi aikin da kansa. Ya fara da ramin gefe, a hankali. Simintin ya yi tauri, don ba ƙaramin kyau ya yi wa aikin ba a wancan lokacin. Ruwan sama ya kece a kan kwano. Bugu na goma sha wani abu, cizal ɗin ya zurma. Da farko shiru. Sai jan taɓo ya ɓullo, sai ruwa ya biyo da ƙarfi ya buge shi a ƙirji.

Ya rarrafa zuwa na biyu, da na uku. Tsakuwa tana zubo masa a wuya daga tsakanin duwatsun. Magadaliya tana roƙonsa ya fito, ya yi kamar bai ji ba. A na huɗu, wanda ke daidai ƙarƙashin cikin bangon, wani dutse ya motsa a saman kansa, ya turo kai, ya tsaya. Uzairu ya yi salati, ya ci gaba da bugu. Kafin ya gama na bakwai, ruwa ya kai masa idon sawu, litattafai suna yawo a kai, ƙarar nan ta cikin bango kuma ta yi shiru.

Ya fito jiƙe sharkaf, jajir da taɓo, ya zauna a kan matakala. Hannunsa ya kasa sakin gudumar.

"Shi ke nan, ya tsira?" in ji Magadaliya.

Ya girgiza kai. Yau dai ba zai faɗi ba, amma dutsen da ya bar mazauninsa ba ya komawa da kansa. Dole a sauke bangon gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, a sake ɗorawa.

"To ai kai ne ɗan mai ginin. Za ka iya mayar da shi yadda yake ko?"

Uzairu bai san yadda su Malam Jika suka kwaɓa farar ƙasar ba, bai san abin da suka jera a bayan bangon ba. Waɗanda suka sani duk sun kwanta dama. A ranar da ya toshe ramukan nan kuwa, Malam Jika yana raye, da hankalinsa garau, yana zaune a ƙofar gida yana jan carbi, tafiyar minti goma daga nan.

"Ban sani ba, Malama," in ji shi. "Ban tambaye shi ba."