Tambayoyin Baba na Ranar Juma'a

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka tunda nake ban taɓa jin mahaifina ya kira sunana ba. Mutumin Adar ne, daga wani ƙauye kusa da Tawa, kuma alkunyar ɗan fari a wurinsa ba abin wasa ba ce. In yana son wani abu a wurina sai ya gaya wa Inna, ita kuma ta gaya mini, ko da kuwa a tabarma ɗaya muke zaune. Da na gama jami'a a Yamai na dawo Arlit ina koyar da kimiyya a lise, wato makarantar sakandare, sai ya samo dabara, ya koma kirana Malama. Bayan rasuwar Inna babu sauran mai kai saƙo tsakaninmu. A daidai lokacin ne kuma yake ɗauke da tambaya mafi nauyi a rayuwarsa: yana so ya sani ko shi ne sanadin ciwon da ya kashe ta.

Baba ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin ma'adini na Akokan, yana haƙar dutsen uraniyom a ƙarƙashin ƙasa. A zamanin ƙuruciyata, ƙarafan da aka daina amfani da su a wurin aiki sukan biyo ma'aikata gida. Kowa yana yi, ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Maƙera su narka wasu su yi tukwane, bututu ya zama azarar ɗaki. Shi Baba ganga ya kawo. Ya goge ta da yashi da sabulu, ya shafa mata shuɗin fenti, ya sa aka yi mata murfi, ya ajiye wa Inna a inuwa don ruwan sha. Inna ta yi alfahari da gangar nan har maƙwabta suka gaji da jin labarinta. Ina karatu a Yamai aka fara cewa wasu mutane sun zo da wata na'ura mai ƙara, suna ɗora ta kan ƙarafan kasuwa suna cewa wasunsu na ɗauke da gubar dutsen. Da na zo hutu babu ganga. Inna ta ce Baba ya ɗora ta a amalanke ya tafi da ita, bai ce ga inda ya kai ta ba. Bayan wasu shekaru ciwon maƙogwaro ya kama Inna, har ta kai ko kunu ba ya wuce mata.

Bayan an yi arba'in ɗinta Baba ya fara zuwa gidana duk Juma'a. In an sauko daga masallaci sai ya hau babur daga Akokan, ya zo ya zauna a ƙarƙashin rumfa, ya juya mini gefe yana kallon bango. Dama can mutum ne mai son manyan tambayoyi. Bai taɓa shiga lakwal ya yi boko ba, amma rediyo ya cika masa kai. Saboda haka da ya fara ban yi mamaki ba.

"Malama," ya ce wa bangon, "wai da gaske akwai wasu halittu a cikin taurari?"

Na ji daɗi ƙwarai. Ɗalibaina hamma suke yi in na taɓo irin wannan, ga shi yau na samu mai saurare kyauta. Na ce ba a gano ba tukuna, amma taurari sun fi ƙarfin ƙidaya, da yawansu kuma suna da duniyoyi masu kewaya su, zai yi wuya a ce mu kaɗai ne. Ya gyaɗa kai, ya ce to in suna nan Allah ya sa sun fi mu hankali. Muka yi dariya. Rabon da in yi dariya tare da shi har na manta.

Wata Juma'ar maganar lokaci ya kawo. Ya ce a cikin rami ba rana ba wata, wani lokaci awa takwas ta wuce kamar an ƙifta ido, wani lokaci ta ƙi ƙarewa, to wane ne lokacin gaskiya? Na zuba masa bayani har da zane a ƙasa. Na ce ranar nan da yake gani a sama ba ranar yanzu ba ce, haskenta sai ya yi tafiyar minti takwas kafin ya iso mu, duk abin da ido ya gani ya riga ya wuce. Sai ya ce, "To ana iya komawa baya?" Na ce a takarda masana sun yi ta lissafi, amma a zahiri ƙofa ɗaya ce, gaba kawai take buɗewa. Na faɗa da murmushi, ina jin kaina wata babbar masaniya. Ya ce, "Haka ne," ya kurɓi shayinsa da ya riga ya huce.

Daga nan tambayoyin suka fara saukowa daga sama suna matsowa gida. Dutsen da ya haƙa, yana mutuwa? Na ce ƙarfinsa yana raguwa, amma kafin rabinsa ya ƙare sai an yi fiye da shekara miliyar huɗu, kusan shekarun duniyar kanta. Ya ce wato su suka tashi abin da ya kwana tun farkon halitta. Mako na gaba ya ce, ƙarfen da ya zauna kusa da dutsen, yana ɗauka? Na ce ƙurar dutsen tana iya maƙalewa a jikinsa, wanki ba lallai ya fitar da ita ba. Mako na gaba kuma, ruwan da ya zauna a cikin irin wannan ƙarfen fa?

Zan so in ce ban gane ba. Ƙarya ce. A tambayar ruwan nan na gane inda ya dosa, kuma na gane cewa wata uku ke nan mutumin nan yana kewaye da taurari da rana don kunya ta hana shi ya dubi 'yarsa ta fari ya ambaci matarsa. Amma akwai abin da na ɓoye ko ga kaina. Tun ranar da likita ya faɗi sunan ciwon Inna gangar nan take raina, kuma ina jin haushin Baba. Ni na riƙa ɗiga mata ruwa da cokali a kwanakinta na ƙarshe. Ina son in samu wanda zan ɗora wa laifi, shi ne kuma mafi kusa.

Juma'ar ƙarshe na dawo da tulin takardun jarrabawa, kaina na sara. Baba ya zo ya zauna a ƙarƙashin rumfa. Can ya ce, "Malama, wanga ilimi naku, shina iya gane abin da ya kawo ma mutum guda ciwo nai? Mutum guda kawai."

Na ce a'a. Na ce kimiyya tana iya duban mutum dubu ta ce abu kaza yana ƙara yawan masu ciwo a cikinsu, amma mutum ɗaya ba ta iya cewa ga abin da ya kama shi. Wataƙila shi ne, wataƙila ba shi ba ne. Wannan gaskiya ce, kuma da na tsaya a nan da da sauƙi. Ban tsaya ba. Ina jan jar biro a takardar wani yaro na ce, "Abin da ya fi ba ni mamaki halin ɗan Adam ne. Sai mutum ya ga abu ba a san asalinsa ba, don dai banza ce, ya kwaso ya kai wa iyalinsa su ci su sha a ciki."

A ranar ce kaɗai a rayuwata mahaifina ya juyo ya dube ni ido da ido. Bai yi fushi ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Na gode, Malama. Allah shi ƙara sani." Na ji ƙarar baburinsa har ta ɓace, ni kuma ina zaune da biro a hannu, ina cewa a raina ai ban kama suna ba.

Bai sake zuwa ba. Da aka rufe ramin Akokan ya tattara ya koma ƙauyensu. Nakan kira shi a waya, mu yi gaisuwa, ya ba ni labarin damina da gero. Sau da yawa na shirya maganar tun kafin in danna lambar. Gajeriya ce: Baba, ba wanda ya san abin da ya kawo wa Inna ciwo, kuma ranar da ka kawo gangar nan ruwa mai sanyi kawai kake so ta sha. Amma alkunyar nan ba shi kaɗai ta ɗaure ba. Ban taɓa ambatar Inna a gabansa ba tun tana da rai, sai in buɗe baki in ji kaina ina tambayar lafiyar awaki.

Ya rasu da kaka, bayan gajeriyar jinya. Da na je zaman makoki limamin ƙauyen ya zo ya yi mini ta'aziyya ta bayan zana. Ya ce marigayi ya sha zuwa wurinsa da tambaya ɗaya, ko mutumin da ya cutar da wani ba da saninsa ba yana da alhaki. Ya ce ya gaya masa ba sau ɗaya ba cewa Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, amma hankalinsa bai taɓa kwanciya ba. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Malam, ɗiyata ta yi karatun abin, kuma ta riga ta gaya mini."